Magatakardan Cikin Fiyano

Abin da mutanen Kano suke kira fiyano ba shi ne fiyanon Turawa na asali ba, watau akwatin katakon nan mai nauyi wanda 'yan guduma suke dukan wayoyi a cikinsa. Fiyanon Kano allo ne na roba mai aiki da lantarki, yawanci mai maɓallai 61 farare da baƙaƙe, wanda yaro ɗaya zai iya saɓa shi a kafaɗa. A cikinsa kuwa akwai muryoyin kayan kiɗa fiye da ɗari, tun daga sarewa da goge har ganguna iri iri. Sa'ad da aka fara finafinan Hausa na bidiyo da Turmin Danya a 1990, fiyano bai zama kome ba tukuna a kunnen Bahaushe. Kafin shekara goma ta cika, musamman bayan fitowar Sangaya a 1999, sai ya zamana babu gidan biki, babu shagon kaset, babu motar haya da ba a jin muryarsa, har aka raɗa wa waƙoƙin da ake ɗorawa a kansa suna nanaye. Galibin waɗanda suka cika ɗakunan kiɗa na wancan zamani ƙirar Yamaha ne, daga jerin da ake kira PSR. A cikin wannan shekara ta 1999 ce kuma Alhaji Mamman Shata ya rasu, bayan ya shafe fiye da shekara 50 yana waƙa a kan kalangu.

A farkon shekarun 2000 akwai wani saurayi a cikin birni, ɗan gidan makaɗan mahauta. Kalangu dai, kamar yadda aka sani, tun asali kiɗan mahauta ne, kuma ubansa ya gaje shi ne daga nasa uban. Yaron ya riƙe kuntuku tun yana ɗan shekara bakwai, daga baya aka ba shi ɗan karɓi. Da yake shi ne ɗan fari, uban bai taɓa kama sunansa ba, sai dai ya ce "kai" ko "yaron nan". Sana'ar gidan kuwa a lokacin ta soma ja da baya. Bikin da a dā ake aiko musu da goro tun saura mako biyu, yanzu sai su ji labarinsa daga bakin lasifika. Ga shi kuma hannun tsohon na dama ya fara rawa, kafaɗarsa tana ciwo, ba ya iya riƙe kiɗa mai sauri ya daɗe. Saurayin ya duba ya ga abin da yake cinye musu abinci, sai ya yanke shawara ya je ya koye shi. Ya sayar da babur ɗin da yake acaɓa da shi, ya tafi Sabon Gari ya sayo fiyano na hannu, ba kwali, ba littafin bayani. Mai shagon ya ce masa abin da ya sa ya yi tsada shi ne yana da sikwensa da MIDI da ramin faifai. Saurayin ya gyaɗa kai kamar ya gane.

Da ya kawo shi gida, uban ya dube shi daga inda yake zaune a zaure, bai taɓa shi ba. Tambaya ɗaya ya yi: "Wannan abin, wa zai iya kira?" Saurayin bai sami amsa ba. Ya san dai abin da ake nufi, domin aikin kalangu a wurin mahauta ba raka waƙa ba ne kawai. Kowane mahauci mai suna yana da takensa, kuma makaɗi yana iya kiransa daga nesa ba tare da ya buɗe baki ba.

Abu na farko da ya ɗaure masa kai ya faru ne a dare na uku. Ya danna jan maɓallin ɗauka, ya buga ɗan kari da muryar sarewa, ya tsaya, ya saurara, sai ga karin ya dawo. Wannan ba abin mamaki ba ne ga wanda ya tashi da rikoda. Amma da ya juya murya daga sarewa zuwa goge, sai karin nan da ya riga ya buga ya fito da muryar goge, alhali bai sake taɓa maɓalli ba. Ya rage masa gudu, ya zaci muryar za ta yi kauri ta ja jiki kamar kaset idan batir ya yi sanyi. Ba ta yi ba. Karin ya tafi a hankali, muryar tana nan yadda take.

Dalilin haka shi ne sikwensa ba ya ɗaukar sauti ko kaɗan. Magatakarda ne yake zaune a cikin fiyano yana rubuta abin da hannu ya aikata. Duk sa'ad da yatsa ya sauka, sai ya rubuta wane maɓalli aka danna, da wane ƙarfi, a wane lokaci. Idan yatsan ya ɗaga ya sake rubutawa. Kowane maɓalli yana da lamba tsakanin 0 da 127, na tsakiyar allo shi ne 60. Ƙarfin bugu ma an auna shi da lamba har zuwa 127. In aka ce ya maimaita, sai ya karanta wa fiyano rubutun, fiyano kuma ya furta shi da kowace murya aka zaɓa. Ɗalibin Hausa ba zai sha wuya wajen fahimtar wannan ba, domin haka rubutun boko yake. An rubuta "fara" a takarda, takardar ba ta da murya, ba ta nuna tsawon wasali ko karin sauti. Mai karatu ne zai furta ta, ya mai da ita ƙwaro, ko launi, ko soma aiki.

Harshen da magatakardan yake rubutu da shi shi ne MIDI. Kafin 1983 kowane kamfani da nasa harshen, na'urar wannan ba ta jin ta wancan. Dave Smith na kamfanin Sequential Circuits a Amurka, da Ikutaro Kakehashi na kamfanin Roland a Japan, su ne a kan gaba wajen haɗa kan masu ƙira. A watan Janairu na 1983, a wani baje kolin kayan kiɗa a Kalifoniya, aka haɗa Prophet-600 da Jupiter-6 da waya ɗaya, aka danna wannan, wancan ya amsa. Bayan shekara biyar, a 1988, kamfanin Korg ya fito da M1, wanda ya tara muryoyi da ganguna da sikwensa mai layi 8 a jiki ɗaya, ya kuma shahara ƙwarai. Daga nan mutum ɗaya a ɗaki ɗaya ya zama ƙungiyar makaɗa sukutum. Waɗanda suka tsara wannan ba su san da mahautan Kano ba, amma aikinsu ya iso har zauren tsohon.

Saurayin ya ga ba zai koyi abin shi kaɗai ba, sai ya kai kansa wani ɗakin kiɗa a wajen titin gidan Zu, yana shara, yana sayo mai na janareta, yana kallon hannun maigidan ɗakin. Maigidan mutum ne mai ƙarancin magana, amma ya koya masa tsarin aiki. Da farko a tsai da gudun kiɗa, watau taki nawa a minti ɗaya, a kunna 'yar ƙwanƙwasar da take ƙirga taki. Sa'an nan a sa ganguna a layinsu, domin su ne harsashi. A bi da murya mai kauri ta ƙasa, sai muryoyin cike gibi, a ƙarshe a ɗora karin da mawaƙi zai bi. Kowanne da layinsa, in ɗaya ya ɓaci a goge shi a bar sauran. Ga wanda ya saba da kiɗan taro, inda kuskuren ɗan kuntuku yake jawo masa harara nan take ya wuce, wannan sabon abu ne: kuskure yana zaune yana jira a zo a cire shi.

Ya koya masa kuma zancen tasha. Wayar MIDI ɗaya ce, mai baki da haƙora biyar, amma tana ɗauke da tasha 16, kamar yadda iska ɗaya take ɗauke da gidajen rediyo da yawa. Kowace murya tana sauraron tasharta, ba ruwanta da saƙon da aka aika wa wata. Tasha ta 10 an keɓe ta ga ganguna, a can kowane maɓalli ganga ce dabam. Ranar da saurayin ya tura karin sarewa zuwa tasha ta 10, abin da ya fito kamar an watsar da kwanuka a tsakar gida. Maigidan bai ɗago kai ba, ya ce, "Duba tasharka." Haka nan in za a haɗa fiyano biyu, ramin fita na wannan ake kai wa ramin shiga na wancan, ba fita da fita ba. Darasi na ƙarshe wuta ce ta koyar da shi. Abin da magatakarda ya rubuta yana zaune ne a ƙwaƙwalwar na'ura, in aka ɗauke wuta kafin a juye shi a faifan filofi, aikin yini guda ya tafi. Faifan kuwa ɗan ƙarami ne, megabayit 1.44, amma da yake lambobi ne a ciki ba sauti ba, yana cin waƙoƙi da dama.

Cikin 'yan watanni ya iya haɗa kiɗan nanaye wanda ba za a kushe ba. A nan ne ya koma ga tambayar ubansa, ya shiga neman kalangu a cikin fiyano. A 1991 masu ƙira sun amince da jerin muryoyi 128 na bai ɗaya, wanda ake kira General MIDI, domin waƙar da aka rubuta a wannan na'ura ta fito daidai a waccan. A cikin jerin akwai sita ta Indiya, akwai koto da shamisen na Japan, akwai kalimba daga Afirka, akwai shanai, wadda ita ma ta Indiya ce, kuma 'yar'uwar algaita ce ta kusa, har makaɗan fiyano sukan are ta su yi algaita da ita. Babu kalangu, babu kotso, babu jauje, babu taushi. Masu sukar nanaye sukan ce kiɗan Indiya ne aka sa wa hula. Akwai gaskiya a ciki, domin son finafinan Indiya a ƙasar Hausa ya girmi fiyano nesa ba kusa ba. Amma yana da kyau a tuna cewa yaran nan sun yi miya ne da kayan da suka tarar a kasuwa.

Wahala ta biyu ta fi ta farko zurfi. A cikin sikwensa akwai wani aiki da masu sana'ar suke kira kwantayiz. Magatakarda yana raba kowane taki gida gida, a wasu na'urori 96, a wasu 480, ya rubuta a wane gida bugu ya faɗa. Kwantayiz kuwa yana zana layuka a kan lokaci, ya jawo kowane bugu zuwa zane mafi kusa. Ga mai koyo wannan rahama ce, hannun da bai nuna ba sai ya fito kamar na gwani. Amma dole a zaɓi irin zanen. Yawancin kiɗan da ya zo cikin na'urar yana raba taki biyu biyu ko huɗu huɗu, alhali kiɗan Hausa da yawa uku uku yake tafiya. Wanda ya buga uku ya sa zanen huɗu, na'ura za ta ja masa bugu na biyu da na uku zuwa inda ba gidansu ba, kiɗan ya riƙa ɗingishi. Saurayin ya gano zanen uku, ɗingishi ya tafi. Sai dai kuma kiɗan ya miƙe sambal kamar sojoji a fareti. Kunnen da ya tashi a bayan kalangu ya san cewa gwanin makaɗi ba ya sauka a kan zane. Yakan jinkirta bugu da abin da bai kai ƙiftawar ido ba, yakan riga wani, kuma a cikin wannan 'yar tazara ce mai rawa yake samun wurin sa ƙafa. Na'ura ba ta bambanta wannan da kuskure.

Ta uku ita ce maganar kanta. Hausa harshe ne mai karin sauti, akwai na sama, da na ƙasa, da faɗau wanda yake tasowa daga sama ya gangaro. Kalangu yana magana ne domin makaɗi yana matse igiyoyin da suka haɗa fatun biyu a hammatarsa: in ya matse fata ta ɗaure murya ta hau, in ya saki ta sauka, in ya buga a matse ya saki nan take sai faɗau ya fito. Maɓallan fiyano kuwa matakala ce, daga 60 sai 61, babu kome a tsakani. Abin da ya cece shi wata 'yar taya ce a gefen hagu na allo, wadda babban yatsa yake turawa sama ko ƙasa ta lanƙwasa murya. MIDI ya ba wannan taya matakai 16,384, ta fi kowane abu a cikinsa laushi. Yadda take zuwa, maɓalli biyu kawai take hawa ko sauka, amma ana iya faɗaɗa ta har 12. Lanƙwasar tana kama tasha gaba ɗaya, saboda haka ba a tasha ta 10 za a yi ba. Ya ɗauki muryar wata ganga mai bin maɓalli, ya keɓe mata tasha tata, ya faɗaɗa tayar, ya shiga gwada taken wani tsohon mahauci, aminin ubansa, wanda yake shirin aurar da ɗansa.

Dare huɗu yana wannan a ɗakinsa na kusa da zaure. A na biyar ya ji an ɗaga labule.

"Ba haka ake faɗarsa ba," in ji uban.

"To Baba, yaya ake faɗa?"

Tsohon ya zauna a bakin katifa, ya dubi hannunsa na dama yana rawa, bai ce kome ba. Saurayin ya tuna da daren nan na uku. Ya mai da gudun kiɗa 60, rabin yadda ya kamata, ya nuna masa maɓalli ɗaya, ya ce ya buga a hankali yadda hannunsa zai iya, na'ura za ta mayar masa da sauri daga baya. Tsohon bai yarda da wannan zance ba, amma ya miƙa yatsu biyu. Da 'yar ƙwanƙwasa ta fara ƙirga sai ya janye hannu.

"Kashe wannan. Ni ba a ƙirga mini."

Aka kashe. Ya buga taken daga farko har ƙarshe a kan maɓalli ɗaya, wani bugu da nauyi, wani kamar shafa, magatakarda yana rubutawa. Saura lanƙwasa. Tayar ba ta shiga hannun tsohon ba, ya tura ta sau biyu ya ce wannan wasan yara ne. Sai ya aika aka ɗauko masa kalangunsa, ya rataya, ya sa a hammata, bai ɗauki makaɗi ba. Magatakarda yana yarda a ƙara rubutu a kan wanda ya riga ya yi ba tare da an goge na farko ba. Saurayin ya kunna bugun da aka ɗauka, uban yana matse igiya yana saki ba tare da ya buga ba, shi kuwa ya kafa wa gwiwar hannun uban ido, babban yatsansa yana bin ta da taya. Sau bakwai suka maimaita, kowane karo tsohon ya tsai da shi a gaɓa ɗaya, inda faɗau yake, ya ce ya yi saurin saki. Bayan na bakwai bai tsai da shi ba.

Saurayin bai taɓa kwantayiz ba. Ya mai da gudu 120, ya danna. Taken ya fito da saurin da tsohon yake buga shi shekara ashirin da suka wuce, da jinkirinsa da rigensa duka. Uban ya saurara har ya ƙare, ya ce a sake. Da aka sake sai ya ce, "Hannun nawa ne. Fatar ba tawa ba ce." Ya ɗauki kalangunsa ya fita. Hukuncin kuwa daidai ne. MIDI ya san lokaci da ƙarfi da lanƙwasa, amma bai san ko tsakiyar fata aka buga ko gefe ba, bai san yatsun hagu da suke danne fata su kashe amo ba, bai san yadda fata take ɗaurewa da hunturu ta saki da damina ba. Muryar da ta furta taken kuma ta wata ganga ce da aka ɗauka a wata ƙasa.

Ranar bikin aka kafa lasifika a ƙofar gida. Ana tsakiyar nanaye saurayin ya sa faifan. Tsohon mahaucin yana cikin magana da baƙi, sai ya yi shiru, ya miƙe tsaye, jikinsa yana tsuma. Ya waiwaya inda makaɗa suka saba tsayawa, bai ga kowa ba sai yaro da allon roba. Ya zaro kuɗi daga aljihu, ya tsaya da su a hannu, yana duban taro, har ya hango amininsa zaune a gindin katanga ba kalangu a kafaɗarsa. Ya taka ya je ya zube masa su a cinya.

Labari ya bazu a cikin mahauta, kowa yana so a sa nasa taken. Tsohon ya yarda ya yi uku, daga nan ya ce ya gaji. Juye faifai kuwa ba ya ɗaukar minti ɗaya, kuma ɗakin kiɗa wuri ne na shige da fice. Ba a yi wata shida ba saurayin ya ji taken aminin ubansa a cikin motar haya, an miƙar da shi da kwantayiz, an juya shi muryar sita, an ɗora masa waƙar soyayya. Bukukuwan da suka biyo baya shi kaɗai ake aiko wa goro. Da kuɗin ya sake wa gidan rufi, ya riƙa sayen maganin kafaɗa. Uban ya ci gaba da zuwa kwata da safe da kalangunsa, yana kiran waɗanda suka rage daga tsaransa a hankali, yadda hannu ya ba shi, har shekarar da ya kasa fita.

Zamanin filofi ya wuce, kamfanin Sony ma ya daina yin sa a 2011. Ɗakunan kiɗa sun koma kwamfuta, fiyano ya zama allon da ake dannawa kawai a aika mata lambobi ta wayar USB, kuma a 2020 aka amince da sabon tsari, MIDI 2.0. Amma tsohon rubutun yana buɗuwa har yanzu. Saurayin, wanda yau yake da furfura da ɗakin kiɗa nasa, ya juye takunan nan huɗu kafin faifan ya lalace. A fuskar kwamfuta suna fitowa ne kamar 'yan sanduna jere a layi ɗaya, a ƙarƙashinsu wani zane yana hawa yana sauka, wanda shi ne matsar hammatar tsohon. Duk yaron da ya zo koyon aiki sai ya sa shi ya buɗe su. Kusan kowannensu, kafin ya saurara, hannunsa yake fara kaiwa ga kwantayiz, domin babu bugu ɗaya a ciki da ya zauna a kan zane. Saboda haka kwafi yake ba su, na asalin yana ajiye a wuri uku.